Zuciyar ragon layya: amsa ga ƙanena a Sakkwato

Ƙanena, saƙonka ya iso. Na yi murna da jin ka samu gurbin karatun injiniyancin na'urorin asibiti a nan Malesiya, Allah ya sanya albarka. Sai dai tambayarka ta tsaya mini a rai. Ka ce ka duba darussan shekarar farko ka tarar da anatomi da fisiyoloji, wato ilimin ƙirar sassan jiki da na yadda suke aiki, alhali hadda da tsoron gawa ne suka sa ka guje wa likitanci, ko akwai hanyar kauce musu?

Babu. Ko da akwai ma ba zan nuna maka ba.

Ni ma da irin wannan tunani na zo. Lissafi ne ƙarfina, don haka na yi wa darussan nan riƙon sakainar kashi, jarrabawar farko ta fisiyoloji kuwa na faɗi warwas. Abin da ya farkar da ni wata rana ce a ɗakin gwaji, aka ba mu aikin haɗa na'urar awon zuciya, wato ECG. Wutar da zuciya ke fitarwa, in ta iso fata, ba ta wuce kusan kashi ɗaya cikin dubu na bolt ba, ga wutar soket tana kaɗawa sau 50 a daƙiƙa tana dagula ta, ga numfashin mutum yana ɗaga layin yana sauke shi. Na yi ta tacewa har layin ya yi sumul, ina jin kaina. Malamar ta zo ta duba, ta ɗora yatsa a allo ta ce, "Ina ɗan tudun da ke gaban babban tsallen?" Ashe na share shi tare da dattin. Tudun nan shi ke nuna wuta ta ratsa ɗakuna biyu na saman zuciya. Likitan da ya duba bai gan shi ba zai iya zaton bugun zuciyar mai lafiya ya rikice, ya ɗora shi kan magani. Na iya waya, amma ban san abin da nake aunawa ba.

Ga wanda ya fi taɓa ni. Ka san ɗan abin nan da ake maƙala wa majiyyaci a yatsa don auna iskar oksijin a jini? Haske iri biyu yake harbawa ta cikin yatsa, ja da wani wanda ido ba ya gani, domin jinin da ya ƙoshi da oksijin da wanda bai ƙoshi ba sun bambanta wajen shan hasken. To amma kafin haske ya kai ga jini sai ya ratsa fata. A 2020 masu bincike a Jami'ar Michigan ta Amurka suka gano cewa na'urar na nuna iska ta isa alhali ba ta isa ba, kuma hakan ya fi faruwa ga baƙar fata kusan ninki uku a kan farar fata. Ka yi tunanin yaron da za a kawo Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo da ciwon huhu, fatarsa irin tamu. Wa zai gyara wannan in ba wanda ya san fata, ya san jini, ya kuma san haske ba? Haka injin wankin ƙoda: ba za ka fahimce shi ba sai ka san ƙoda na tace kusan lita 180 a yini, ta mayar da kusan duka cikin jini, ta bar lita ɗaya da rabi na fitsari.

Batun gawa kuwa, ka kwantar da hankalinka. Mu da gumakan roba da hotuna a kwamfuta muka yi namu, fiɗa ta ɗaliban likitanci ce. Hadda dai akwai, ƙasusuwa kaɗai 206 ne. Amma kai da ka yi sarfu a zauren malam, ka san yadda kitabu da katibu da maktabu suka fito daga tushe ɗaya. Kalmomin nan na Girkanci da Latin ma haka suke: kadiyo zuciya, nefro ƙoda, hefato hanta. Ka riƙe tushe, sauran za su biyo.

Tunda sai bayan Babbar Sallah za ka taso, ga aikin da na ba ka. In an feɗe ragon Baba, kafin kayan ciki su shiga tukunya, ka roƙi Inna zuciya da ƙoda ɗaya. Ka tsaga zuciyar da wuƙa mai kaifi. Za ka ga bangon hagu ya fi na dama kauri sosai, domin shi ke tura jini zuwa duk jiki, na dama huhu kawai yake kai wa. Ka sa yatsa ka taɓa 'yan fararen zaruruwan da ke riƙe da ƙofofin don kada jini ya koma baya. In mahaucin bai yi sauri ba, ka ce ya hura huhun ta maƙogwaro ka ga yadda yake kumbura. Ka ɗauki hoto ka turo mini, mu bi su ɗaya bayan ɗaya.

Ka gaida Inna da Baba, ka ce musu ni zan tarbe ka a filin jirgi in sha Allahu.