Shekara 7 a shagon Alhaji, yanzu ana kiransa aiki a Kuseri

Wani ƙanenmu daga Garwa a arewacin Kamaru ya turo min tambaya. Shekararsa 7 yana tsaron shagon wani Alhaji mai kayan masarufi a babbar kasuwa, ana ba shi sefa dubu 35 a wata, abincin rana a shago, na dare a gidan Alhaji, ɗakin da yake kwana ma na Alhajin ne. Yanzu wani kamfani da ke kai kaya Chadi ya neme shi ya riƙe musu sito a Kuseri, garin da ke kan iyakar Kamaru da Chadi, dubu 90 a wata. Alhaji kuma ya taɓa ce mishi in lokaci ya yi zai buɗe mishi nashi shagon, shekara 3 kenan da maganar, shiru. Ya tafi ko ya zauna?

To ƙanena, na san abin da ke kanka 35 da 90 ne kawai, kuma ban ga laifinka ba, tun 2023 doka a Kamaru ta sa mafi ƙarancin albashi dubu 60 ga ma'aikatan da ba na gwamnati ba kuma ba na noma ba, kaga kai ko can ba ka kai ba. Amma ɗauko biro mu yi lissafin tukuna. A Garwa ba ka biyan haya, ba ka sayen abinci, wannan dubu 35 ɗin in ka so kana iya ajiye fiye da rabi. A Kuseri komai daga aljihunka zai fita, ɗaki, wuta, ruwa, ci sau uku, kuɗin moto, ga kuɗin motar zuwa gida in an yi rasuwa ko suna, kuma ka san hanyar Kuserin nan daga Mora zuwa Dabanga ba a yinta don nishaɗi, balle da damina. In kamfanin ya sa ka a CNPS, wato asusun fansho na ma'aikata, za a cire 4.2 cikin ɗari daga albashinka, wato 3,780 a dubu 90, su ma su zuba nasu. Ka kira wani ɗan Garwa da ke zaune can ya faɗa maka nawa yake kashewa a wata tsakaninsa da Allah, ka cire, abin da ya saura shi ne albashinka na gaskiya. A ce 45 ta rage, to bambancin dubu 10 ne, ba 55 ba.

Shi kuma kamfanin, kar ka yarda da maganar waya. Ka ce su ba ka kwantiragi a rubuce ka karanta, ko wani wanda ya iya Faransanci sosai ya karanta maka. Akwai lokacin gwaji a ciki? Wata nawa? Doka ba ta yarda ya wuce wata 6 ba ga ma'aikaci irinka ko da an sabunta, kuma a cikin wannan lokacin suna iya ce maka ka tafi ba tare da sun ba ka sisi na sallama ba. Za su yi maka rajista a CNPS ɗin ko baki ne kawai? Wannan kar ka raina shi, fansho sai mutum ya zuba wata 180, yau kana da ƙarfi amma ɗaukar buhu ba ya kai mutum shekara 60. Sannan abin da ya fi damuna, sito ne za ka riƙe. Kamiyo, wato babbar motar kaya, zai sauke dare da rana, wasu kayan za su tsaya jiran duwan, wato kwastam, kafin su haye gadar Ngeli zuwa Injamena, hannu da yawa na taɓa su, in katan 20 ya ɓace wa zai biya? In ba a rubuta ba wallahi kai ne, kuma dubu 90 ba ta biyan katan 20 na madara. Ka nemi wanda ya riƙe siton kafin kai ka ji me ya fitar da shi, da ma'aikatan da ke ciki ko ana biyansu kan lokaci.

Yanzu maganar Alhaji, nan ne zuciyar abin. Shekara 7 ɗin nan ba dubu 35 kaɗai ka tara ba, ka san wa ke ba da kaya bashi, ka san wace hajiya ke biya ƙarshen wata wace ce sai an bi ta, dillalai sun san fuskarka. Wannan jari ne, amma jarin da ke aiki a Garwa, ba ya binka Kuseri. In burinka shagon kanka ne to alƙawarin nan ya fi albashin kamfani nesa ba kusa ba, in dai gaskiya ne. Kuma ba za ka san gaskiyarsa ba sai ka tambaya. Mu matsalarmu kunya, yaro zai shekara 10 yana jira bai taɓa buɗe baki ba, shi kuma maigida yana ganin ai bai ƙosa ba. Ka samu babba wanda Alhaji ke jin nauyinsa, kawunka ko limamin unguwa, ku je gida bayan isha ba a shago gaban mutane ba, a ce mishi Alhaji yaronka an yi mishi tayin aiki, amma ya ce ba zai amsa ba sai ya ji ta bakinka. Ka saurara da kyau. In ya ambaci lokaci da adadi, misali bayan babbar sallah zan ba shi kayan miliyan ɗaya, a gaban shaida, ni dai ina ganin ka zauna. In ya ce a yi haƙuri Allah na nan, ya kawo zancen kasuwa ta mutu, ba rana ba wata, to ka samu amsarka, in takardar kamfanin ta yi kyau ka tafi kuma ba ka ci amanar kowa ba.

In tafiyar ce, don Allah kar ka sulale. Na ga wani yaro a layinmu da ya ajiye makulli wajen maƙwabci da asuba ya hau motar Ngaundere, bayan sati biyu aka ce katan ɗin sabulu 8 babu, yaron nan na san bai ɗauka ba, amma wa zai tsaya mishi tunda ba a ƙirga da shi ba? Har yau in an ambace shi a layin, sabulun nan ake tunawa. Kai ka ba da sanarwa, a doka wanda ya haura shekara 5 a irin matsayinka wata 2 ne, kuma kar ka zaɓi gab da azumi lokacin da shago ya fi cika. Ku ƙirga kaya tare ɗaya bayan ɗaya, littafin bashi ka bi shi suna suna da wanda zai gaje ka, Alhaji ya sa hannu kai ma ka sa, ka ɗauki hoton shafin a wayarka. Ka roƙe shi takardar shaidar aiki, haƙƙinka ne, kuma kamfanin ma zai iya tambaya.

Kafin ka taɓa ko ɗaya cikin waɗannan, ka tabbata kana da kuɗin da zai riƙe ka wata 2 a Kuseri ko da albashin farko ya makara. In kwantiragin ya zo ka ɗauko hotonsa ka turo min mu duba tare kafin ka je wajen Alhaji.