Amsa: Zuwa kallon wasan kwaikwayo mai waƙa da yara a Jos

Malama, kin tambaya ko ya dace ki tafi da yaranki da Hajiya kallon wasan dandamali mai waƙoƙi kan zaman iyali, kuma ina za ku zauna. Ku je, amma 'yan ƙasa da shekara 5 a bar su gida, domin irin wannan wasa yakan kai awa biyu, kuma kukan yaro ɗaya yana dagula wa 'yan wasa da masu kallo lissafi. Ku isa minti 40 kafin a fara, ku kama tsakiyar layi na 5 zuwa na 8. Layin gaba yana ruɗin mutane: can lasifika take, ganga da jita sukan danne muryar mai waƙa, alhali a irin wannan wasa rabin labarin cikin baitocin yake. Misali, wanda bai ji waƙar uwa ga 'yarta ba, ya rasa dalilin rigimar da ta biyo baya.

Sharaɗi ɗaya: ki tambayi masu sayar da tikiti da wane harshe za a yi, don wasu wasannin Jos da Turanci ne, kada Hajiya ta zauna a banza. Idan a fili ne, kamar buɗaɗɗen dandalin Jami'ar Jos, sanyin Disamba da Janairu ba wasa ba ne bayan magariba. A ɗauki rigar sanyi da safa, Hajiya kuma bargo. A kashe fitilar waya, haskenta yana shiga idon masu rawa.