Harshen Baba ya yi fari, ruwan kurkurar baki zai isa?

'Yar'uwa, kin ce harshen Baba ya yi fari kamar an shafa kindirmo, kina tambaya ko ruwan kurkurar baki zai wadatar. Zai rage, amma da wuya ya warkar shi kaɗai. Yawanci ƙwayar Candida albicans ce ke kawo wannan farin. Ruwan kurkurar baki na chlorhexidine mai ƙarfin 0.2% yana kashe ta a saman baki, sai dai in an daɗe ana kurkurawa haƙora kan dafe. Ainihin maganin nystatin ne ko fluconazole, likita zai rubuta. Kada a haɗa nystatin da chlorhexidine lokaci guda, suna rage wa juna ƙarfi. Tunda dattijo ne, a auna masa sukari. In yana sa haƙoran roba, ya riƙa cire su da dare yana wankewa.