Na yi jaje da "pathetic", abokina ya yi fushi

Tambaya: Malam, ni mazaunin Agege ne a Legas, ina sayar da albasa a kasuwar Mile 12. Shagon wani abokin cinikina Bayarabe ya ƙone, sai na tura masa saƙon jaje na ce "your situation is pathetic". Tun ranar ko gaisuwata da ƙyar yake amsawa. Ni tausayi na nufa. Ina na kuskure?

Amsa: Ɗan'uwa, Allah ya mayar masa da alheri. Niyyarka mai kyau ce, kalmar ce ta yi maka ƙafar ungulu.

"Pathetic" daga Girkanci ta fito, daga "pathos", wato abin da ke taɓa zuciya. Ma'anarta ta asali ke nan, kuma jaridun ƙasar nan har gobe suna amfani da ita haka, su kira labarin marayu ko na matar da mijinta ya rasu "pathetic story". Ina jin can ka tsince ta. Amma a bakin Turawan Ingila da Amurka na yau, da matasan Legas da suka tashi da finafinansu, ta koma kalmar raini. Idan aka ce wa mutum "you are pathetic", ana nufin ya kasa, ba ya da wani kataɓus. Wannan ma'anar abokinka ya ji, ga shi kuma yana cikin zafin asara.

Mu ma muna da irin wannan. Ka san yadda ake cewa "abin tausayi" da sanyin murya, da yadda ake faɗin ta ana taɓe baki. A saƙon waya ba murya, ba fuska, sai wanda ya karanta ya zaɓi wadda ya ji.

"Pitiful" ma fuska biyu gare ta. A da tana nufin mai tausayi, shi ya sa fassarar Littafi Mai Tsarki ta Sarki James ta 1611 ta siffanta Ubangiji da ita. Yau kuwa "pitiful salary" albashi ne na wulaƙanci. "Pitiable" ta fi karkata ga tausayi, "piteous" kuma ta littattafai ce, galibi a kan kuka ko nishi. "I pity you" da kake ji a tashar danfo, motocin hayar Legas, gargaɗi ne, kamar mu ce "za ka gane kurenka".

Kalmomin raini kuwa, a nan ake yawan tuntuɓe: "contemptible" abin da ya cancanci a raina shi ne, "contemptuous" shi ne mai yin rainin. Daga tushensu ɗaya aka sami "contempt of court", raina kotu.

Shawarata, kada ka sake tura saƙo. Ka taka ka same shi, ka faɗa masa abin da ka nufa. In da Turanci ne, "I am so sorry for your loss" ta wadatar. In ka iya ƙara masa da "ẹ pẹ̀lẹ́" irin ta Yarabawa, wato "sannu", za ta fi shiga ransa.