Gadar sama ce za ta magance haɗarin tsallaka titi a unguwarmu?

Tambaya: Unguwarmu a Kano tana bakin babban titi mai hannu biyu, makarantar yaranmu da kasuwa kuwa suna tsallake. An sha kaɗe mutane a wurin, na baya-bayan nan ɗalibi ne a kan keke. Kwamitin unguwa yana shirin rubuta wa hukuma takardar neman gadar sama ta masu tafiya a ƙafa. Shin ita ce mafita?

Amsa: Malam, Allah ya ba yaron lafiya, ya kiyaye gaba. Shawarata ita ce kada gada ta zama buƙatarku ta farko, domin abin da ke kisa a irin wannan titi gudu ne, gada kuwa ba ta rage shi. Hasali ma direban da ya hango gada yakan ɗauka babu kowa a ƙasa, sai ya ƙara taka mota.

Motar da ke gudun kilomita 50 a awa, wanda shi ne ƙa'idar cikin gari a Nijeriya, tana cin kusan mita 14 a kowace daƙiƙa, kuma direba mai cikakken hankali yana buƙatar kimanin daƙiƙa ɗaya kafin ƙafarsa ta kai kan birki. Mai gudun kilomita 30 kuwa yakan tsaya cak cikin mita 13 ko makamancin haka. Wato inda mai gudun 30 ya riga ya tsaya, mai gudun 50 bai ma fara taka birki ba. Wannan ne ya sa taron ministocin duniya da aka yi a Stockholm a 2020 ya nemi a taƙaita gudu zuwa kilomita 30 a duk inda motoci ke cuɗanya da masu tafiya a ƙafa da masu keke. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa haɗarin hanya na kashe mutum miliyan 1.19 a shekara, fiye da rabinsu masu tafiya a ƙafa ne da masu keke da masu babur.

Ita gada dole a ɗaga ta sama da mita biyar don tirela ta wuce, hawanta kamar hawan bene mai hawa biyu ne. Tsohuwa mai ciwon gwiwa ba za ta hau ba, haka mai tura kurar ruwa, da mace mai goyo da kaya a ka, da yaron da sai ya saɓa kekensa a kafaɗa. Waɗanda aka gina ta dominsu su ne ke ci gaba da ratsawa ta ƙarƙashinta, idan an sa shingen waya a tsakiya kuma, ba a daɗewa ake huda shi.

Abin da ya fi dacewa ku nema shi ne matsallaka a ƙasa, wadda aka ɗaga ta kamar santimita 10 da shimfiɗaɗɗen sama, aka yi mata farin zane, ta yadda dole mota ta sassauta kafin ta hau. A haɗa ta da dandamalin tsayawa a tsakiyar titi mai faɗin mita biyu, don ya ɗauki keke a tsaye. Dattijon da ke tafiyar mita ɗaya a daƙiƙa yana buƙatar daƙiƙa 14 kafin ya gama da layi huɗu, amma da dandamali sai ya raba tafiyar biyu, yana duban ɓangare ɗaya kawai a kowane karo. A gina ta daidai inda mutane suka saba tsallakawa, ko da injiniya yana ganin gaba kaɗan ya fi tsari, don babu mai yin zagayen mita 200 da rana tsaka. Ina roƙonku kada ku zuba tudun siminti da kanku: mai tsini da ba a yi masa fenti ba yakan kayar da mai babur da dare.

Masu keke kuma, layin da aka ware musu da fenti kaɗai ba ya kare su, domin 'yan adaidaita sahu za su mayar da layin wurin ɗaukar fasinja. Sai an raba shi da dakali, an kuma ware wa adaidaita wurin tsayawa bayan an wuce matsallaka, ba kafin a iso ta ba, don kada su tare wa direba ganin yaron da ke shirin sauka titi. 'Yan tebur da suka cika gefen hanya ma a zauna da su a ja da su baya, tunda su ke tura mutane kan kwalta. A sa fitila a kan matsallakar kanta, saboda almuru da hazon hunturu.

Kafin ku rubuta, ku bincika ko titin na tarayya ne ko na jiha, don takardar ta je ma'aikatar ayyukan da ke da iko da shi, ku kuma aika kwafi ga hukumar kiyaye haɗurra ta ƙasa (FRSC) da hukumar kula da zirga-zirgar ababen hawa ta jihar Kano (KAROTA). Ku sa matasa biyu su ƙirga masu tsallakawa na mako guda, da safe da lokacin tashin makaranta, ku haɗa adadin da hotunan wurin a cikin takardar.