Ku fara da rufi kafin labule

'Yar'uwa, kin ce an ba ƙungiyarku tsohon gini, kuna so ku mai da shi wurin kula da masu ciwon daji wanda ba zai yi kama da asibiti ba, kina tambayar ta ina za a fara. Allah ya ba ku lada. Na yi jinyar maigidana, daga baya kuma da ni aka gyara irin wannan gini.

Kafin ku sayi labule ko ɗaya, a hau rufi a nemo yoyo. Mu mun yi gaggawa, muka shafa fenti a kan bango mai danshi, ba a jima ba baƙar fumfuna ta leƙo ta bayan kabad. Ga mai lafiya ƙazanta ce kawai. Amma wanda ake yi wa kemo, wato ƙarin maganin kashe ƙwayoyin ciwon daji, garkuwar jikinsa kan yi ƙasa sosai wajen kwana 7 zuwa 14 bayan ƙarin maganin, fumfuna na iya kama masa huhu. In kuma rufin na asbestos ne, kar wanda ya fasa shi sai masana, ƙurarsa ma tana jawo ciwon daji.

Sai batun wurin ya zama kamar gida. Cibiyar Maggie's ta farko, ta tallafa wa masu ciwon daji, wadda aka buɗe a birnin Edinburgh na Scotland a 1996, tsohuwar bargar dawaki ce aka gyara. Ba teburin karɓar baƙi a bakin ƙofa, teburin kicin ne zuciyar wurin, mutum ya haɗa shayinsa da kansa. Wannan muka kwaikwaya, kuma wallahi a nan mutane ke buɗe cikinsu, ba a ofis ba.

Kar ku rushe ƙananan ɗakunan nan don neman falo babba. Wanda likita ya gama yi wa mummunan bayani lungu yake nema inda zai yi kuka ba idon kowa. Ƙofofi kam a faɗaɗa su, keken marasa lafiya ya wuce, banɗaki ya kasance kusa.

Turare da maganin mofin mai ƙarfi, a yi nesa da su, tashin zuciya suke kawowa. Kujeru kuma a sayi masu hannu, masu ɗan tsayi. Na sha ganin maigidana ya nutse cikin kushin mai laushi, yana kallona, yana jin nauyin ya ce in ɗaga shi.