Zanin da muka sa wa kakarki

Kishiyata, saƙonki ya iso. Yaron maƙwabta ne ya karanta mini, don idanuna sun daina shiri da rubutun waya. Da ya kai inda kika ce, "Kaka, me ya sa kuka binne ta da tsohon zanin zumuntar matan coci, bayan mun haɗa kuɗi mun sayo leshi mai tsada a Abuja? Dokar coci ce?" na yi dariya har tari ya sarƙe ni. Amma da dare barci ya ƙi zuwa. Na ce ashe yarinyar nan ta goyu a bayan Yaya, ta ci tuwon hannunta, ba ta san mece ce Yaya ba. Laifinmu ne, mu da ba mu zaunar da ku mun faɗa muku ba.

Kakarki ba ta taka ƙofar makaranta tana yarinya ba. Kwanon ƙasa ta ɗauka a ka a wajen haƙar kuza ta gefen Bukuru, ita da innarmu, tun sanyin asuba. Sai da ta yi aure, kakanki ya tafi makarantar Littafi a Kagoro, sannan ta zauna a benci tare da sauran matan ɗalibai, da goyo a baya, tana haɗa baƙi da wasali. Da tsohuwar fassarar Littafi Mai Tsarki ta 1932 ta koyi karatu, shi ya sa Hausarta ta addu'a ta fi ta kasuwa nauyi. Da sabuwar fassara ta fito, kuɗin masa ta tara ta saya, ta riƙa ajiye su biyu a cinya tana bi aya aya da fensir. In ta ga sun sha bamban, fasto ba shi da sukuni ranar Lahadi sai ya warware mata.

Shekarar da aka canja kuɗi daga fam zuwa naira, 1973 ke nan, ta ɗauke ni zuwa taron zumuntar mata a Kagoro. Ina budurwa, ba ni da zani, aikina riƙe tulun kiɗa kada ya fashe. Ita kuwa sabon zani ta ɗaura, wanda ta yi wata huɗu tana adashi kafin ta biya. Motar katako muka shiga, mata sun fi talatin, da buhun acca, da itace, da tabarmi. Kwana uku aka yi ana koyarwa da waƙa. A hanyar dawowa motar ta ƙi hawa Hawan Kibo. Ta yi nishi, ta yi baƙin hayaƙi, ta tsaya cak a tsakiyar hawan. Yaron mota ya diro da gudu ya cusa dutse a bayan taya. Magariba ta yi, hunturu ya sauko daga kan duwatsu, irin sanyin da ke shiga ƙashi.

A cikinmu akwai wata matar aure, yarinya ce, cikinta wata takwas. An hana ta zuwa ta ƙi. Girgizar mota ta tayar mata da naƙuda. Matan suka kewaye ta a gefen hanya, suka ɗaga tabarmi suka yi mata shinge, direba da yaronsa suka koma can nesa suka juya baya. Ni aka ba fitilar ƙwai. Hannuna na rawa, Yaya ta ce, "Riƙe da kyau, ba kallo kika zo ba." Sauran suna bayan tabarmi suna waƙa ƙasa ƙasa, wata tana buga tulun nan a hankali, don kada mai naƙuda ta ji kukan dare ta tsorata. Wajen tsakar dare jaririya ta faɗo, 'yar mitsitsiya, jikinta sanyi ƙalau, ba ta yi kuka ba. Yaya ta yanke cibi da sabuwar reza, ta hura mata a fuska, ta murza bayanta, sai muka ji 'yar ƙara kamar ta mage. Kayan kowa sun yi raɓa. Yaya ta kwance sabon zanin nan, ta sa haƙori ta yaga shi biyu, rabi ta naɗe jaririya, rabi ta ɗaure cikin uwar. Ta kwana da ɗan fatari, jaririya a ƙirjinta, tana karanto Zabura ta 121 da ka har gari ya waye.

Da muka iso gida na ce, "Yaya, adashin wata huɗu fa!" Ta kalle ni ta ce, "Don me aka saye shi?"

Kin tuna doguwar matar nan mai furfura a goshi, wadda ta ɗaura wa gawar kallabi, kuka ce wace ce wannan da ba 'yar gida ba take shiga ɗaki? Jaririyar ke nan.

Innarmu takan ce zumunta a ƙafa take. Kakarki ta ɗauki maganar kamar umarni. Asibitin Jankwano, asibitin Vom, gidan yari, ƙauyukan da mota ba ta shiga sai a sauka a taka, duk da zanin nan ta je, ta canja shi ya fi sau biyar don yana tsufa a jikinta. Bayan rikicin Satumba na 2001, lokacin da kowa ke tsoron unguwar da ba tasa ba, ta ɗauki kwanon gwate ta je gaisuwa gidajen tsoffin maƙwabtanmu, ba ta tambayi wa ke zuwa coci wa ke zuwa masallaci ba. Ranar ta biyo ta kira ni, na ce mata ƙafata na ciwo. Ƙafata lafiya lau take. Har yau abin yana ci na.

Da 'ya'yanta suka biya mata kujerar Urushalima, an ɗinka mata kaya cike da akwati, amma a hoton bakin Kogin Urdun zanin zumunta ne a jikinta. Ta dawo tana mamaki wai kogin bai kai Kogin Kaduna faɗi ba. Aka ce ta fara sa JP, alamar wanda ya je ziyara Urushalima, a bayan sunanta kamar yadda ake yi, ta ce a bar sunan yadda uwarta ta raɗa shi.

Yanzu kuma na ga abin ya koma waya. Mutum na kwance a asibiti, a tura hoton hannun addu'a a WhatsApp, a tura 'yan kuɗi, shi ke nan an gaishe shi. Kuɗin na da amfani, ban raina ba, na san aiki ya riƙe ku. Amma waya ba ta wanke wa majinyaci kwano. Ku da kuka sayi leshin, yaushe rabon da ɗayanku ya kwana biyu a ɗakinta?

Batun doka, babu ayar da ta ce a binne mace da zanin zumunta. Sai dai ki buɗe Ayyukan Manzanni sura 9, ki ga abin da gwauraye mata suka nuna wa Bitrus da Dokas ta mutu a Yafa, wato rigunan da ta ɗinka tana raye. Da Yaya ta rasu, matan zumunta suka zo da asuba suka ce su za su shirya 'yar'uwarsu, ni kuwa na buɗe akwati na miƙa musu zanin.

Leshinku yana nan a ledarsa, ba wanda ya taɓa. Littattafanta biyu ma suna wurina, gefen kowane shafi cike da rubutun fensir da ba na iya gani yanzu. Ki zo kafin Kirsimeti ki karanta mini. Ki taho da rigar sanyi mai kauri, Jos ba Abuja ba ce. Matar nan ta Hawan Kibo ma ta ce in kin zo in kai ki gidanta.